Shagon Tasi'u

Ranar Alhamis, bayan an tashi,
na rage ni kaɗai a aji uku.
Fanka ta tsaya tun da hantsi,
hon ɗin adaidaita sahu na shigowa daga titin Mandawari.
Na jawo aljihun teburin Tasi'u.
Ni Uwani, me zan gani?

Ƙwallon goruba, an gwigwiye shi tas,
ledar ruwa, ɓawon gyaɗa,
murfin biro uku, babu biro ko ɗaya.
Littafin lissafi ya sha manja,
shafinsa na tsakiya ya zama jirgi.
Can ƙasa, ga takardar da na ba shi tun watan jiya,
na ce ya kai wa babansa,
tana kwance, kiyashi na karanta ta.

Na kalli bulala, bulala ta kalle ni.
Na bar ta a jikin ƙusa.
Duka bai taɓa ninke takarda ba.

Sai Baba ya faɗo mini a rai.
Shekara talatin yana Kwari,
rumfarsa ba ta fi tabarma biyu ba,
amma ko an ɗauke wuta
zai miƙa hannu ya zaro maka shadda ruwan toka
bai ko waiwaya ba.
Yakan ce, "Kayan da ba ka san inda yake ba
ba naka ba ne, ajiya kake yi wa ɓera."

Juma'a da safe na ajiye alli.
Na ce, "Yau kowa ɗan kasuwa ne,
teburin nan shagonka ne.
Wa ya taɓa ganin mai shago
ya zuba gishiri a buhun sabulu?"
Aji ya kwashe da dariya.

Muka zazzage komai a kan benci.
Babban littafi ya kwanta a ƙasa,
ƙarami ya hau bayansa, kamar goyo.
Fensir da rula su shiga gwangwanin madara.
Abin da ba ka taɓa ba tun Litinin, ya bi ka gida.
Abin da ƙuda ke so, ga kwando can.
Lubabatu ta gama kafin in rufe baki,
ta shiga gyara na maƙwabta.
Na ce, "Hajiya, koma rumfarki,
kowa da hannunsa."

Tasi'u ya zubar da goruba, ya zubar da leda,
jirgin ma ya sallama, da ƙyar.
Saura abu ɗaya a cikin tafinsa, ya dunƙule.
"Buɗe."
Kwalin ashana ne.
Ciki guntayen fensir goma sha ɗaya
da 'yan aji suka yar,
an feƙe kowanne,
an jera su daga dogo zuwa gajere,
kai da kai, babu mai hawan wani.

"Na Zinatu ne, Malama.
Baɗi za a sa ta."

Na yi shiru.
Ashe yaron ya iya tun tuni,
abin da ya ɗauka da daraja kawai yake jerawa.
Na ce, "Wannan shi ne jarin shagon.
Ba shi lungun dama.
Sauran su zauna yadda ya zauna."

Yanzu kullum, saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa,
nakan ce, "A rufe shago!"
Sai ka ji ƙwaram-ƙwaram, kamar Kwari dab da magariba.

Ba zan ce an gama ba.
Jiya na sake jawo aljihun,
goruba ta dawo.
Sai dai tana gefe, a nannaɗe cikin takarda,
littafin lissafi na kallon ta daga nesa.
Takardar babansa kuwa ta isa gida.
Ya zo da kansa ranar Talata,
yana tambayar wane shago ne aka buɗe wa ɗansa
ba a gaya masa ba.